Wa Zai Gaji Malam Hudu?

Ƙwallon da kuka kawo mini shekaranjiya ga ta can rataye a jikin ƙusa, ba ta gyaruwa. Na faɗa wa wanda ya kawo ta, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Baba Sabo, ai allura ce kawai da zare, ko ni in na zauna zan iya." Na ci gaba da aikina. Amma tunda yau kun cika mini benci tun hantsi kuna musu a kan wanda za ku naɗa kocin sabon kulob ɗinku, wannan ya ce wane, wancan ya ce ba a isa ba, ku ɗan sassauta murya in gaya muku abin da ke cikin allura da zaren. Bencin nan da kuke kai ya taɓa jin irin wannan musun daga bakin waɗanda suka girme ku, kuma ina nan zaune har aka kai ƙarshensa.

Ni baduku ne ɗan baduku, haifaffen Sundimina. Ina ɗan saurayi aka kawo ni Birnin Kudu wajen kawuna Malam Ila, wanda ke da rumfa a bayan tasha. Shi takalma yake yi, da kuben wuƙa, da kayan doki. Shekarun farko bai bar ni na taɓa fata ba. Aikina murza zare da goga masa kakin zuma, da wasa wuƙa, da share rumfa. In na miƙa masa zare sai ya ja shi a tsakanin leɓɓansa, in ya ji gashi-gashi ya jefo mini abina.

Ƙwallon farko da ta shigo rumfar, wani malamin wasanni ne ya kawo ta daga makarantar kwana. Irin ta da ce, jar fata, mai baki da igiya kamar takalmi, wadda in ta sha ruwa ka sa mata kai sai ka ga taurari. Ɗinki ya saki a gefe guda, bilada, wato robar cikin da ke riƙe iska, ta leƙo waje kamar ƙari. Kawu bai taɓa ɗinka irinta ba. Ya wuni yana juya ta yana leƙa cikinta, bai sa mata allura ba. Washegari ya ce malamin ya kawo masa wata da ta mutu gaba ɗaya. Ya farke wannan ƙyalle-ƙyalle, ya shimfiɗa a tabarma, ya gano ashe a juye ake ɗinka ta, daga ciki, kamar aljihun riga. Ya gyara ta malamin. Matacciyar kuma ya turo mini da ƙafa ya ce, "Mayar da ita yadda take."

Na ɗinka, muka hura, ta fito kamar gwanda. In ka gangara ta sai ta yi ɗingishi ta nufi kwata. 'Yan tasha suka yi ta dariya. Kawu bai zage ni ba, wuƙa ya miƙo mini ya ce, "Farke." Na sake, ta fito da ƙusumbi. Ya ce, "Farke." Sai da fatar ta fara yagewa don yawan shiga da fitar zare kafin ta gangara a miƙe daga bakin rumfa har titi. Ranar ya ce in tashi in je in ci abinci da wuri. Iyakar yabon da na taɓa samu a wajensa ke nan.

Abin da ke karkatar da ita jan zare ne. Ƙwallo ƙyallaye ne da yawa, kowanne da maƙwabtansa biyar ko shida. In ka matse ɗinki ɗaya fiye da 'yan uwansa, iska sai ta gudu ta taru a wancan gefen. Ƙarfin jan nan hannu ne ke koyon sa, ba ya faɗuwa da baki. Allura biyu ake sawa, ɗaya ta shigo ta dama, ɗaya ta hagu, su wuce juna a rami guda. Kuma tsohon ramin za ka bi, in ka huda sabo kusa da shi ka yi wa fatar hanyar yagewa. Allurar ma dakusasshiya ce, da gangan nake goge mata tsini a dutse don kada ta ci tsohon zare. Biladar kuma sai an fito da ita an hura, an tsoma a kwanon ruwa, a bi kumfa har a ga ramin, a kankare wajen, a shafa sholisho, a jira ya sha iska, sannan a manna faci da robar cikin tayar keke. Wanda ya yi gaggawa, facinsa zai riƙe a rumfa ya saki a fili.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake gane mai sana'a wajen rufewa ne. Ka ɗinke ta a juye ka bar 'yar kafa, ka juyo duk fatar ta wannan kafar, ka cusa bilada, ka daidaita bakin hura iska a raminsa. To yanzu kai kana waje, ɗinkin kuma dole ya kwanta a ciki. Sai ka jera zaren sako-sako, ba ka ganin abin da kake yi sai dai yatsa ya gaya maka, sannan ka sa basilla ka riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya har bakin ya haɗe, ƙullin ya faɗa ciki. Hannu ya ɗan goce ka soki biladar da ka gama facewa, sai a koma farko. Ku dubi yatsun nan nawa. Zare ne ya yi musu waɗannan tsagogin, ba wuƙa ba.

Taku kuwa babu ɗinki a jikinta ko ɗaya. Layukan da kuke gani zane ne. Da gam da zafin inji aka manne ta, biladar a liƙe da fatar. Ba ta da ƙofar da zan shiga.

Da kawu ya rasu na gaji rumfar, kuma a shekarun nan ƙwallo ta fi takalmi kawo mini aiki. Samarin Yalwan Damai sukan zo a kan keke da ƙwallo guda ta duk ƙauyen, ƙayar aduwa ta soke ta, su zauna su tsare ni har in gama, don in ba su koma da ita ba babu wasa ranar. Kulob-kulob na Gwaram kuma su aiko da nasu a hannun direbobin bas, a ɗaure cikin buhun taki, an rubuta sunan unguwa da gawayi. Da rani tsakuwa ke cin fata, da damina ruwa ke ruɓar da zare. Akwai masu kawo wadda mota ta taka ta fashe gida uku, su ce jiya-jiya na gyara ta, aikina ne bai yi ba. Irin waɗannan ba ka musu da su, ka nuna musu sawun taya kawai.

Wata rana a Gwaram na yi ɗinkin da ban taɓa mantawa ba. Na bi kulob ɗin unguwarmu wasan kusa da na ƙarshe, ana tsakiyar zagaye na biyu ƙwallon wasa ta daki waya ta farke. Ta ajiya kuma tun safe ta sace. Alƙalin wasa ya dubi rana ya ce in ta faɗi ba a gama ba, sai a sake wasan daga farko wani makon. Na zauna a bakin layi da jakata, jama'ar gari biyu suka yi mini rumfa da kawunansu har ba na ganin ramin allura. Wannan ya ce in yi sauri, wancan ya ce in bi a hankali don su ake ci. Gumi na ɗiga a kan zaren. Na rufe ta, aka hura, aka koma fili. Mu aka ci, amma ƙwallon ta yi shekara tana aiki bayan nan.

Kulob ɗin nan 'Yan Kwari ake ce masa, don filinsu a kwari yake, bayan gari. Wanda ya kafa shi Malam Hudu ne, malamin firamare, kuma shi ne babban mai kawo mini aiki. Filin ma wani dattijo ne ya ba shi aro don ganin mutuncinsa. Duk Asabar zai jingine kekensa a nan, ya sauke buhun ƙwallaye, ya riƙa fito da su yana gaya mini ciwon kowacce kamar wanda ya kawo yara asibiti. In na gama ba ya dubawa da ido, sai ya buga ta a ƙasa ya kasa kunne. Ya fi shekara ashirin yana wannan hidima ba ko sisi. Shi ne koci, shi ne mai kai jesi wanki, shi ne mai zuwa gidan uban yaro ya durƙusa ya roƙa a bar shi ya zo fili in an tashi daga gona. Kofi ba su cika ci ba. Sukan yi nisa, sai wani kulob na Gwaram ya fitar da su. Amma ranar wasansu ko mai shayi kife teburinsa yake yi.

Shekarar da nake son ba ku labari, damina ta yi nisa, Malam Hudu ya yanke jiki ya faɗi a aji yana rubutu a allo. Hawan jini ne. Aka kai shi babban asibiti, ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Buhunsa na nan a wajena tun Asabar, ban ma gama aikin ba.

Mako bai cika ba aka fara maganar magaji, kuma a nan aka fara ta, don rumfar nan ita ce majalisar magoya baya. Mutum biyu ake ambata. Ɗaya Ɗanjuma, tsohon golan kulob ɗin, manomi, wanda ya daɗe yana riƙe wa Malam Hudu usur da buhu. Ɗayan Kabiru, mutumin Gwaram, ya buga wasa a Bauchi, ya yi kwas ɗin koci, kuma shi ke horar da waɗanda suka fitar da mu a shekarar da ta gabata. Alhaji Uba mai taki, shugaban kulob, wanda ke sayen jesi da ɗaukar mota, shi ya kawo sunan Kabiru. Lawan mai nama, wanda muryarsa ta fi ta kowa a bakin fili, shi ya tsaya wa Ɗanjuma.

Alhaji Uba ya ce, "Ni ban ƙi Ɗanjuma ba, ɗan gida ne. Amma me ya sani ban da abin da ya gani wajen Malam? A ɗaga ƙwallo sama, a bi ta da gudu. Shekara nawa muna haka? Kabiru zai koya wa yaran nan su ajiye ta a ƙasa."

Lawan ya ce, "A wace ƙasar, Alhaji? A filin da in ka ba da fas tsakuwa ce ke zaɓar wanda za ta kai wa? Kuma mutumin da bara ya tsaya a bakin layi yana rawa da aka ci mu, shi za mu miƙa wa yaranmu?"

"Aikinsa ya yi. In ya zo nan mu zai yi wa rawar."

"Takardar tasa ce za ta je ta durƙusa wa iyayen yara ranar girbi? Ko ƙofar gidajensu ya sani?"

"Ku dai ba ku son ci gaba. Ga Auwalu nan. In Kabiru ya ɗaga waya sau ɗaya an kira shi gwaji a Kano. A hannun Ɗanjuma nan zai tsufa yana cin ƙauyuka."

Auwalun nan shi ne ɗan wasan gabanmu, bahago, bai cika ashirin ba. Siriri ne, ba ya magana, amma in ya ɗauki ƙwallo ta gefen hagu har matan da ke dawowa daga rijiya tsayawa suke yi. Duk musun nan rabinsa a kansa ake yi, shi kuwa bai taɓa zama a bencin nan ya sa baki ba.

Kullum haka. A ɗauko da safe, azahar ta raba, a dawo bayan la'asar. Wasu suka ce a haɗa su biyun, babba da mataimaki, sai aka koma musun wa zai zama babban. Wani ya ce a bar wa kyaftin riƙo har Malam ya warke, aka ce masa ya je ya ga Malam ɗin tukuna. Masu kallon ƙwallon Turai suka kawo lissafin 'yan baya uku da 'yan baya huɗu, suna zanawa da tsinke a ƙasan rumfata, ina sharewa suna sakewa. Rannan Lawan ya juyo ya ce, "Malam Sabo, kai fa? Kai kaɗai ne ba ka ce komai ba." Na ce, "Ni duk wanda ya fasa ƙwallo nan zai kawo ta." Aka yi dariya, aka ce tsoro na ji. Ban sake jin ɓangarorin biyu sun yi dariya tare ba daga ranar.

Ɗanjuma ya zo mini da tsohuwar safar hannunsa ta gola, wai in ɗinke masa babban yatsa, alhali ya daina kamu tun tuni. Ya zauna sai da rumfa ta watse, sannan ya ce, "Wallahi Malam Sabo ni ban nema ba. Amma yanzu in na ce na janye, Lawan da mutanensa cewa za su yi na sayar da su. Ta ina zan bi in shiga kasuwa?" Na ɗinke masa yatsan ya tafi.

Kabiru ma ya zo. Ya sauka daga bas, ya gaishe ni har ƙasa, ya miƙo wata farar ƙwallo in ƙara mata iska. Ranar na fara riƙe irin taku a hannu. Na juya, na juya, ina neman ɗinki ban samu ba. Ya ce Alhaji ya gaya masa gari ya amince da shi. Na ce rabin gari dai. Sai ya ce ai ya riga ya yi sallama da kulob ɗinsa na Gwaram, har sun naɗa wani.

Aka kira taro a wani aji na firamare don a yi zaɓe. Ba a kai ga zaɓen ba, aka tsaya a kan wa ke da ƙuri'a: 'yan wasa kaɗai, ko masu ba da gudummawa, ko duk mai zuwa kallo. Magariba ta yi aka watse, kowane ɓangare na cewa shi ya yi rinjaye. Washegari Alhaji Uba ya aiko a karɓi buhun ƙwallayen kulob. Kafin azahar Lawan ya zo da kansa neman buhun. Na gaya musu duka cewa wanda ya kawo mini shi zan mayar wa. Na ɗaura shi a keke na nufi gidan Malam Hudu, ban san sun biyo ni ba sai da na waiga.

An shimfiɗa masa katifa a zaure don ya sha iska. Ya rame, baki ya karkace, ido ɗaya na zubar da ruwa. Kalma guda ta rage masa, "to", da ita yake amsa komai. Na ajiye buhun na ce, "Malam, ga aikinka na gama." Ya ce, "To." Zaure ya cika har ƙofa. Alhaji Uba ya durƙusa ya ce, "Malam, so muke a kashe wutar nan. In ka yarda Kabiru ya riƙe yaran, ka ba mu alama." Ya ce, "To." Mutanen Alhaji suka fara gyaɗa kai. Lawan ya matso ya ce, "Malam, Ɗanjuma fa? Ba shi ka rena a hannunka ba?" Ya ce, "To." Sai ya ɗaga hannun hagu da ƙyar yana nuni wajen ƙofa. Ɗanjuma na tsaye a wajen, wani ƙanin Alhaji mai goyon bayan Kabiru shi ma na tsaye a wajen. Gardama ta kaure a kan wa ya nuna, a bisa kansa, ana tsallake ƙafafunsa.

Daga bayan labule matarsa, Malama Talatu, ta ce, "Kofin ruwansa ne a bayanku. Tun ɗazu shi yake nema."

Aka miƙo kofin. Ta fito da mayafinta, ta tallafi kansa ta ba shi, rabi na zubewa ta gefen baki. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Ku tafi, don Allah. Malam Sabo, ka koma da buhun nan. Ko usur ɗinsa sai da na ɓoye, in ya gani ba ya cin abinci." Na ɗauko buhuna na dawo da shi.

Daga nan 'Yan Kwari suka zama biyu, kowanne na cewa shi ne na ainihi. Alhaji ya sayo wa Kabiru sababbin ƙwallayen gam daga Kano, mutanen Ɗanjuma suka yi karo-karo suka sayi tasu. Wa da ƙani a gida ɗaya, wannan na nan wancan na can. Mai unguwa ya raba musu ranakun fili. Maganar gaskiya Kabiru ya iya aikinsa, na ga yaran da ba su san tsayar da ƙwallo ba sun koya a hannunsa. Shi ma Ɗanjuma bai taɓa fashin zuwa ba, ko mutum shida ne suka zo zai busa usur. Auwalu kaɗai ya ƙi zaɓa. Ranar Kabiru yana fili, ranar Ɗanjuma yana fili. Kowane ɓangare na jin haushinsa, ba kuma wanda ya iya korar sa.

Da kaka ta kama Alhaji ya samo wani fili a hanyar Gwaram. Ya ce za su koma can su bar wa Ɗanjuma kwarin, amma da turakun gola za su tafi, don shi ya biya mai walda. Bututun ƙarfe ne masu nauyi, an binne gindinsu da duwatsu. Wata Juma'a da la'asar, ranar Ɗanjuma ce, ina wajen da famfona don har lokacin nakan je in ƙara wa ƙwallo iska. Samarin Alhaji suka zo da diga da shebur suka tone gindin turke ɗaya. Mutanen Lawan suka rungume ɗayan. Kabiru ba ya nan. Ɗanjuma na ta cewa a bari, a bari, ba mai jin sa. Auwalu na zaune a bakin gola yana ɗaure igiyar takalmi, inda ya saba zama. Wani ya ce masa ya tashi, ya ce bari ya ƙarasa. Waɗannan suka ja, waɗancan suka ja, waldar kusurwa ta ɓalle. Ƙarfen sama ya sauko masa a ƙafar hagu, ƙasa da gwiwa kaɗan. Daga inda nake na ji ƙarar. Bai yi ihu ba da farko, kallon ƙafar kawai yake yi.

A motar takin Alhaji aka kai shi asibiti, Lawan ne ya rungume shi a baya. Ƙashin ya dagargaje. Likitoci suka yi iya yinsu suka ceci ƙafar, amma ta warke a gajarce, kuma ba ta lanƙwasuwa sosai.

'Yan sanda suka kwashi wasu, manya suka shiga aka sasanta. Mai unguwa ya hana wasa a kwarin. Dattijon da ya ba da filin ya riga ya rasu, 'ya'yansa suka ce Malam Hudu aka ba wa aro, ba kulob ba, damina na zuwa suka zuba shinkafa. Filin hanyar Gwaram ba wanda ya taɓa buga ƙwallo a cikinsa. Kabiru ya yi ta zirga-zirgar asibiti har aka sallami yaron, sannan ya koma garinsu, yanzu kayan babur yake sayarwa. Ɗanjuma ya tafi cirani Kudu, da ya dawo bai sake taka bakin fili ba. Alhaji da Lawan suna gaisawa in an idar da sallah, iyakarta ke nan. Malam Hudu ya rasu kafin shinkafar nan ta nuna. Ko ba a gaya masa abin da ya faru ba, ko an gaya masa ya ce to, ban sani ba.

Ni kuma benci ya zama ba kowa. Ƙauyuka ma a shekarar suka koma ƙwallon gam, don ta fi araha: ta fashe, a jefar, a sayi wata. Direbobi suka daina sauke mini buhu. Da abin ya ishe ni na ɗauki jakar aiki na hau bas zuwa Gwaram ranar kasuwa, ko zan ga masu aiko mini na da. Na wuni a gindin wani bango, abin da na samu silifa biyu ne da maɗaurin jakar makaranta. Wani tsohon kyaftin ɗinsu ya gane ni, ya ce, "Baba, har yanzu kana nan? Ai yanzu ba a ɗinki." Ya saya mini ruwan sanyi ya wuce. Buhun Malam Hudu, wanda aka cika zaure a kansa, ba wanda ya sake tambaya. Na rataye shi a saman rumfa, zafin kwano ya narkar da biladun suka manne, ɓera ya shiga ya yi gida. Ranar da na sauke shi babu ɗaya da za a iya hurawa. Tun daga lokacin takalman 'yan makaranta da jakunkuna ke ciyar da ni.

Aikin ƙarshe da kulob ɗin ya kawo mini, Auwalu ne ya kawo shi, bayan ya ajiye sanda. Ya samu aikin tsaron injin niƙa a kasuwa, aikin tsayuwa ne wuni guda. Ya zo da baƙar leda, ya fito da takalmansa na ƙwallo ya ajiye a gabana. Ya ce, "Baba, su ne kaɗai masu ƙwari da nake da su. A cire haƙoran, a ƙara wa na hagu tsawo. Bayana ke ciwo in na wuni a karkace."

Na tsayar da shi a kan katako ba takalmi, na riƙa cusa gutsattsarin kwali a ƙarƙashin ƙafar hagun har ƙugunsa ya daidaita. Ya kai kaurin yatsa uku. Haƙoran na roba ne, haɗe suke da tafin, sai da na gasa wuƙa na yanke su, na bi wajen da magagari. Na yanko tsohuwar tayar mota na jera ta hawa-hawa, da kauri a dunduniya tana sirancewa zuwa yatsu don kada ya riƙa tuntuɓe. Na manne, na bi da ɗinki. Yana zaune a benci yana kallo. Sau ɗaya ya yi magana, ya tambaye ni ko gaskiya ne Kabiru ya riga ya yi wa mutanen Kano maganarsa. Na ce haka na ji. Ya ce, "Shi ma Ɗanjuma ya ce bana ni zai ba kyaftin."

Ya saka, ya miƙe, ya taka zuwa bakin titi ya dawo. Kafaɗunsa sun daidaita. Ya ce, "Ya yi, Baba." Na ɗauko tsintsiya zan share wajen, sai ya ce in dakata. Ya dafa benci ya sunkuya, ƙafar a miƙe, ya tsince haƙoran daga cikin ƙura ɗaya bayan ɗaya, ya hure su, ya zuba a aljihun gaba. Sannan ya yi mini sallama ya nufi kasuwa.